Yadda ake fito da yaro mai goge gaban jama'a ba tare da ganguna sun danne shi ba

Shekarata ashirin da ɗoriya ina riƙe da kalangu a ƙungiyar makaɗan unguwarmu, nan wajen Ƙofar Wunti a Bauchi. Mu goma sha ɗaya ne: masu kalangu uku, mai kuntuku, masu ƙwarya biyu, mai garaya da 'yan amshi huɗu. Ba da kiɗan muke ci ba. Akwai tela a cikinmu, akwai mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal, ni kuwa mahauci ne, ka ga kalangu a gida na tarar da shi. Bara, bayan Babbar Sallah, muka fito da wani yaro ɗan shekara 14 mai goge. Karon farko muka kwafsa, na biyu ya yi kyau. Wanda ke da irin wannan niyya, ga yadda zai bi.

Ka fara da gidansu. Kowa ya san sunan da goge ya yi a ƙasar nan, an daɗe ana danganta shi da bori da wuraren sharholiya, don haka ba uban da zai sakar maka ɗansa da saƙon baki. Ɗauki dattijo ku je da ƙafa. Ni abin da na ce wa mahaifinsa shi ne: "Malam, a filin firamare za a yi, bayan La'asar, ga waƙoƙin da za a rera, kuma kafin kiran Magariba ɗanka yana gabanka." Daga nan ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. Kada kwaɗayin armashi ya sa ka aro kakaki ko tambari, waɗannan na fada ne.

Aikin gaske yana wajen gwaji. Goge tsirkiya ɗaya ce ta gashin wutsiyar doki, a kan ƙoƙo da aka rufe da fatar guza. Muryarsa siririya ce kamar ta yarinya mai tallar fura daga nesa. Kalangu uku in suka tashi, haɗiye ta suke yi. Abin da ya same mu ke nan ranar farko. Muka saki hannu irin na gidan biki, jama'a na ganin hannun yaron yana kai da komo, ba mai jin komai. Da aka tashi ya zauna bayan aji yana share hawaye, ni kuwa kunya ta hana ni zuwa wurinsa, don hannuna ya fi na kowa nauyi a ranar.

Gyaran da muka yi shi ne, da zarar lokacinsa ya zo, kalangu biyu su yi shiru ɗungurungum. Na ukun ya riƙa taɓawa a hankali, yana amsa masa kamar mai cewa "haka ne" a cikin hira. Kuntuku ya riƙe tafiyar kiɗan. Masu ƙwarya su daina dukan dunƙule, su koma yatsu. Za ka sha gardama a nan, domin babba mai gemu ba ya son a ce masa ya rage hannu saboda yaro. Ni na tuna musu da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai, yake sa taro ya yi tsit. Su kuma 'yan amshi daga gogen za su ɗauki murya, ba yaron zai bi su ba. Manyan ƙungiyoyin kiɗan Turawa ma haka suke, kafin su fara sai mai busa wani abu ɗan'uwan algaita ya ba da sauti ɗaya, kowa ya daidaita nasa a kai. Ku yi gwaji sau uku aƙalla, na ƙarshe a filin da za a yi wasan, don sauti a zaure daban yake da sauti a sarari.

Ka lura da yanayi. Da damina fata takan saki, gogen ya riƙa magana ta hanci, sai an shanya shi a rana ko an ɗan nuna wa garwashi daga nesa. Da hunturu kuwa fatar ta ɗaure har ka ji tsoron ta tsage, to a bar shi a inuwa. A jakarsa a sami ƙaron gogawa, da gashi na ko-ta-kwana, da ƙarin jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa. Abin ƙarami ne, in ya faɗi cikin yashi sai wani ikon Allah.

Makirfo ɗaya nasa ne shi kaɗai, a saita shi kamar taƙi guda daga ramin ƙoƙon. Kada ya zauna gaban lasifika, za ta yi ta ƙara. Janareta a kai shi bayan katanga.

Kada ka buɗe fili da shi, mutane ba su gama zama ba. Kada kuma ka ajiye shi sai ƙarshe, lokacin hankali ya koma ga alwala. A tsakiya za ka sa shi, minti goma ya isa, ya fara da kiɗan da kowa ya sani don hannunsa ya saki. Ku yi wata alama a tsakaninku. Mu in na ɗaga makaɗi sama, 'yan amshi za su shigo su maimaita amshi sau biyu har ya dawo hanya. A karo na biyu sau ɗaya na ɗaga, kuma ba wanda ya gane.

Sanƙira ya yi masa kirari kafin ya fara, daga nan ya ja bakinsa. Liƙi ma ka hana. Ban da cewa dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla Naira 50,000 ko duka biyun ga mai wulaƙanta Naira, mutum biyar in suka tsaya kan yaro suna manna masa kuɗi a goshi, sun tare shi sun kuma rikita shi. Ajiye faifai a gefe, mai kyauta ya sa a nan.

Kuɗin faifan kada a zuba su cikin rabon ƙungiya. Mu a gaban mai unguwa muka ƙirga, muka cire na sabon ƙoƙo da fata, sauran na sa a ambulan. Na goya yaron a babur, gogensa a cinya, muka iso ƙofar gida ladan na gyara murya. Na miƙa wa mahaifinsa ambulan, ya juya ya dubi ɗan ya ce, "Shiga ka ajiye abin nan, ka zo mu tafi masallaci."