Babi na 6: Jinyar Alobera a Cikin Ɗaki

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Darasi biyar ne a wannan babi. Kada ku yi sauri. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin layi kuna bi, kalma bayan kalma, inda kuka ga ɗigo ku tsaya ku ja numfashi. Yatsan da nake nufi shi ne manuni, wanda kuke ɗagawa a zaman tahiya. Da shi za mu yi karatu yau, da shi kuma za mu auna ƙasa.

Darasi na 1: Mu duba ta

Ku faɗa tare da ni: a-lo-be-ra. Gaɓa huɗu ke nan. Shuka ce mai kaurin ganye, gefen ganyen da 'yan ƙayoyi, idan an yanka sai a ga ruwa mai yauƙi a ciki. Tana da 'yar'uwa a dajinmu wadda dattawa ke kira zabuwa, saboda ɗigo-ɗigon jikin ganyenta. Ita kuwa wannan ta cikin tukunya, asalinta yankin Larabawa ne, ƙasar duwatsu da ƙarancin ruwan sama. Shi ya sa take tara ruwa a ganyenta kamar yadda kuke tarawa a randa.

Yanzu ku ɗauko taku zuwa bakin ƙofa, inda akwai haske. Ku matsa ganye ɗaya a hankali. Lafiyayyen ganye yana da tauri, ya cika fam. Idan ganyen ya yi laushi, ya koma ɗorawa, gindinsa ya yi baƙi yana wari, ruwa ne ya yi mata yawa. Idan ya yi siriri ya naɗe, bakinsa ya bushe, ƙishirwa ce. Wadda ta yi fari-fari, ganyenta ya yi tsawo ya kwanta, duhu ne ya dame ta, wadda kuwa ta yi ja-ja rana ce ta ƙone ta.

Tukwanen da kuka riƙa kawo mini aji a nan Hausari, yawancinsu ciwon farko ne. Ba rashin kula ba ne, kulawar ce ta yi yawa.

Darasi na 2: Yatsa kafin ruwa

Ku rubuta wannan a littafinku da manyan baƙaƙe: YATSA KAFIN RUWA. Kalma uku ne. Ku sake rubutawa a ƙasansa. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, haka kowa ya fara.

Ga yadda ake yi. Ku miƙe manuni, ku dubi layukan da ke jikinsa. Daga farce zuwa layi na farko gaɓa ɗaya ce, zuwa layi na biyu gaɓa biyu. Ku tura yatsan cikin ƙasar tukunya, can gefe, nesa da gindin shukar, har gaɓa ta biyu ta nutse. Ku tsaya, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ku zare. Idan kun ji sanyi ko danshi, ko ƙasa ta manne a yatsan, ku ajiye buta, yau babu ruwa. Idan ƙasar ta bushe ƙamas, ta kakkaɓe kamar rairayi, to a ba ta.

Inda kowa ke tuntuɓe shi ne a nan: sai a shafa saman ƙasa, a ji ta bushe, a ce ai na taɓa. Saman ƙasa yana bushewa cikin yini guda, alhali ƙasan tukunya yana jiƙe sharkaf, kuma can ƙasan ne saiwa take. Saiwa tana shan iska kamar ku. Idan ta daɗe cikin ruwa sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganyen ya langaɓe. Ku kuma da kun ga ya langaɓe sai tausayi ya kama ku, ku ƙara ruwa. Kun ga yadda abin ke zagayawa. Saboda haka gaɓa biyu nake so, shafawa ba ta isa ba.

Mu sake. Miƙe yatsa. Tura. Gaɓa ɗaya ta shiga? Ƙara turawa. Ta biyu ta nutse? Madalla. Ƙirga uku. Zare. Duba.

Wata goggo ta ce mini, "Malama, ki faɗa mana rana kawai, ko duk Juma'a, mu huta." Goggo, ki gafarce ni, ba zan faɗa ba. A garin Garwa na Kamaru cikin Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ƙaramar tukunya takan bushe da wuri. Cikin Agusta kuwa, lokacin marka, tukunyar da ke ɗaki takan yi makonni ba ta bushe ba. Wace Juma'ar za ta dace da duka biyun? Zuwa da kai ya fi saƙo, ki tura yatsa ki ji da kanki.

Wadda ta ƙunsa lalle, ko wanda yake da rauni a hannu, ya nemi busasshen tsinke ya soka har ƙasan tukunya. Idan ya fito da danshi ko da ƙasa a jikinsa, babu ruwa. Amma wannan rangwame ne na mai uzuri, ban ce kowa ya koma tsinke ba.

Ranar da yatsa ya ce ta bushe, ku ba ta ta ƙoshi. Ku zuba a kan ƙasa, kada ku zuba a tsakiyar ganye, har ruwan ya fito ta ƙasan tukunya. Wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi ku zubar. Shi ke nan, sai yatsa ya sake magana.

Akwai kuma abin da na gaji da faɗa. Tukunyar alobera ba wurin alwala ba ce. Baba, ka ce ruwan alwala albarka ne, ban musa ba, amma sau biyar a rana ko gero ya ji jiki, balle ita. Ragowar shayi, ruwan wanke-wanke, ruwan da yara suka rage a kofi, duk a nan kuke juyewa. Makon da ya wuce mun yi wannan darasi tun bayan la'asar har aka kusa kiran magariba, kowa ya ce ya gane, aka dawo mini da tukwane ruwa na kwance a sama. Na duba hannuwanku ban ga ƙasa a farcen kowa ba. Haba jama'a! Gaɓa biyu fa kawai. Ku koma littafinku ku rubuta kalmomin nan uku sau biyar.

Darasi na 3: Idan ta riga ta ruɓe

Ku kifa tukunyar ku duba gindinta. Akwai huda? Huda ita ce ƙofar da ruwa zai fita. Gwangwanin madara da bokitin fenti ba su zuwa da ita, sai an sa ƙusa an huda wuri huɗu ko biyar. Tukunyar ƙasa ta fi su, domin tana tsotse danshi ta jikinta, amma ita ma a huda ta.

Ku zazzago shukar, ku kakkaɓe ƙasar. Saiwa mai rai tana da tauri da haske. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi, ku yanke da wuƙa mai tsabta, haka ma ganyen da ya ruɓe. Ku ajiye shukar a inuwa kwana biyu ko uku, bakin yankan ya bushe. Ba za ta mutu ba, da guzurinta a ganye.

Tsohuwar ƙasar a zubar. Kada ku ɗebo baƙar ƙasar karal da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta, laka ce, riƙe ruwa ne aikinta. Ku sami rairayi mai tsakuwa-tsakuwa irin na bakin Binuwai, kwano ɗaya, ku haɗa da ƙasar lambu kwano ɗaya. Ku dasa, gindin ganye yana sama da ƙasa. Mako guda cur babu ruwa. Bayan mako guda me za a fara yi? Na ji wani ya ce buta. Yatsa, Baba, yatsa.

Darasi na 4: Haske

Ku ajiye ta kusa da taga ko bakin ƙofa, inda ranar safe ke shigowa. Wadda ta saba da ɗaki kada a fitar da ita tsakar gida da tsakar rana farat ɗaya, za ta ƙone. A fara da hantsi kaɗan, ana ƙarawa. Lokacin hunturu a goge ƙurar ganyen da ɗanyen tsumma.

Darasi na 5: Sauran abubuwa

Idan kun ga wani fari-fari kamar auduga a matsattsin ganye, ƙwari ne. A goge da tsumma da ruwan sabulu kaɗan. 'Ya'yan da ke fitowa a gindi, in sun kai tsawon tafin hannu a cire su da saiwarsu a ba su tukunya dabam. Ruwa mai launin ɗorawa mai ɗaci da ke fita idan an yanki ganye yana sa gudawa, mai ciki da yara kada su sha.

Aikin gida: ku auna tukunyarku kowace safiya, ku rubuta "danshi" ko "bushe" a gaban sunan ranar. Ku zo da littafin ranar Asabar. Tukunyar a bar ta a gida.