Kafin ka huda bangon bayan Marsandinka don kujerar kishingiɗa

Na gaji da ganin tsofaffin Marsandi suna lalacewa a garejojin Katsina saboda Alhaji yana son ya kishingiɗa a baya in za a je Daura ɗaurin aure. Burin ba laifi ba ne, kamfanin da kansa ya yi irin wannan kujera mai lantarki a manyan Marsandi samfurin W126 da W140. Yadda ake sa ta ne yake ɓata min rai.

Babbar ɓarnar ita ce huji. A waɗannan motoci tankin mai yana tsaye ne daf da bayan majinginar kujera, tsakaninta da but, ƙarfe ɗaya kawai ya raba su. Na yawancin W126 lita 90 yake ci, na W140 kuma 100. Ni wannan ta taɓa cin kuɗina. Na kai motata wurin wani mai aiki, na tafi sallar la'asar, kafin in dawo yaronsa ya zura abin huji ya fasa tankin. Fetur ya jiƙe kafet, ga mai walda yana aiki a gefe! Allah ne ya tsare. Mai aikin ya ce min, «Yallaɓai, a liƙe da gam.» Ban yarda ba, sai da na sayi wani tankin a Ƙofar Ruwa ta Kano, warin kuma ya yi watanni a motar. Tun ranar ba na barin kowa ya huda bangon nan sai an cire labulen but na ga tankin da idona. In walda za a yi, a sauke shi gaba ɗaya. Wanda ya ce maka ya san wurin da ka, ɗauke motarka.

Sai masu sayen kujera ba awo. Kujerar nan ba baya take kwanciya ba, mazaunin ne yake zamewa gaba, majinginar ta biyo shi. Ke nan wurin ƙafa take ci. A W126, doguwar (SEL) ta fi gajeruwar (SE) tsawo da santimita 14, doguwar W140 ta fi gajeruwar da 10. Ka sa ta a gajeruwa ko a V-boot, gwiwar maigida ta tokari kujerar direba, me aka yi?

Ku kuma samari masu wayarin, wa ya koya muku jan wuta daga fitilar rufi? Siririyar waya ce, ba za ta ɗauki injin kujera ba, zafi za ta yi ƙarƙashin kafet inda ba mai gani. Ni waya mai kauri nake jawowa daga batir, da fis ɗinta kusa da shi. A W140 batirin yana cikin but, aikin ma bai da nisa.

Kada ka sayi katifar kujerar kaɗai. Ka haɗo da firam, da injinan, da makunnan, da wayoyinsu, duk daga mota guda.

Bel ɗin ɗaure fasinja kuma ya koma raminsa na asali da notinsa na asali, ban yarda da ɗaure shi a jikin firam ba.

Giris kaɗan a kan layin da kujerar take zamewa. Da yawa, ƙurar hunturu ta manne ya zama laka, kujerar ta tsaya a rabi. Ni burushi nake bi da shi in sanyi ya wuce, sannan in shafa sabo.