Gumin gilashin mota a daminar Jos: kurakuran da aka fi yi

Duk wanda ya taɓa biyo Hawan Kibo a watan Agusta, ruwa na zuba, mota cike da mutane, ya san wannan tashin hankalin. Tun daga Akwanga ana tafe lafiya ana hira. Da an fara hawa sai gilashin gaba ya soma dushewa ta gefe, kafin a ankara ya yi fari fat kamar an shafa masa koko. Direba ya bar hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana laluben tsumma, na kusa da shi yana cewa "Oga, a hankali, akwai tirela a gaba." Ni wannan hali ya fi tsorata ni a kan ruwan kansa, domin ruwa kana ganinsa, shi kuwa gumin gilashi ganin ne yake ƙwacewa.

Kafin a zo kan kurakurai, sai an san daga ina gumin yake. Ba daga waje yake shigowa ba. Ruwa ne da ke cikin iskar motar, daga numfashinmu, da jiƙaƙƙun kaya, da lemar da aka naɗe aka jefa a ƙasa. Iska mai ɗumi tana ɗaukar danshi da yawa, mai sanyi kaɗan take iya riƙewa: a zafin digiri 30, iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya ta kowane gefe tana riƙe kusan giram 30 na ruwa, a digiri 10 kuwa da ƙyar ta wuce giram 9. To idan iskar ciki mai ɗumi ta taɓa gilashin da ruwan sama ya sanyaya, sai ta sauke abin da ya yi mata yawa a jikinsa. Daidai yadda robar ruwan sanyi ke gumi idan an fito da ita daga firij. Jos kuma tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, shi ya sa mai tahowa daga Abuja yake shigowa da ɗumin ƙasa a cikin motarsa, gilashi kuwa yana ta ƙara sanyi yayin da ake hawa. Maganin abu biyu ne kawai: a busar da iskar ciki, a ɗumama gilashin. Duk dabarar da ba ta yi ɗayan biyun nan ba, wahala ce.

Kuskuren farko shi ne wanda hannu ke yi tun kafin kai ya yi tunani, wato sharewa da tafi, ko hula, ko tsumman da aka goge inji da shi jiya. Za ka samu 'yar kafa ta minti ɗaya, gumin ya dawo, kuma ya dawo a kan maiƙon da ka shafa. Da daddare abin ya fi muni, don fitilar motar da ke zuwa tana watsuwa a kan shatin har ka rasa bakin titi. Idan dole sai an goge, a ware tsumma mai laushi, busasshe, wanda ba a taɓa komai da shi sai gilashi, kuma fasinja ya goge, ba mai tuƙi ba.

Na biyu, rufe ko'ina ruf saboda sanyi, sannan a danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta. Aikin maɓallin shi ne hana iskar waje shigowa, ya riƙa juya ta ciki. Yana da amfani a bayan tirela mai hayaƙi ko a ƙurar hunturu, shi ya sa da yawa suke danna shi tun Disamba su manta da shi har damina. Amma a ranar ruwa, numfashin mutum biyar ne yake ta zagaye ba shi da hanyar fita. A kashe shi. Na sha ganin wannan kaɗai ya warware matsalar da mutum ya yi shekara yana ɗora wa motarsa laifi.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku, domin kusan ɗabi'armu ce a garin nan. Ka ce wa ɗan Jos ya kunna esi ana ruwa, sai ya dube ka ya ce, "Haba Malam, cikin wannan sanyin?" Mun ɗauka esi don sanyi kawai aka yi shi, tun da kuwa Allah ya ba mu sanyi kyauta, gas ɗin ya ƙare ba a ƙara ba, kwamfuresa ya lalace an cire bel an huta. Alhali esi yana da aiki na biyu da ya fi na farko muhimmanci a damina: yana tsotse ruwan da ke cikin iska. Ruwan nan da kake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota idan an yi fakin, daga iskar cikinta aka matso shi. Kuma kunna esi ba ya nufin sai kun yi rawar ɗari. Maɓallin esi daban, makunnin zafi da sanyi daban. Ka kunna esi, ka murɗa zuwa ja, sai iskar ta fara bi ta inda za a busar da ita, sannan ta bi ta hita ta yi ɗumi, ta fito busasshiya mai zafi. Ka juya ta zuwa alamar gilashin gaba mai kibiyoyi uku a tsaye, ka ƙure fanka, ka buɗe iskar waje. A motoci da yawa da ka zaɓi wannan alamar esi ke kama kansa. Za ka ga gumin yana janyewa daga ƙasa zuwa sama kamar ana yaye labule. Man da za ka ƙona a wannan 'yan mintocin bai kai kuɗin fitila ɗaya ta gaba ba, balle rai.

Akwai masu kunna hita ita kaɗai. Tana taimakawa idan inji ya yi zafi, amma da farko takan ƙara dagula abin, saboda tana tayar da danshin kafet da kujeru ta kai wa gilashin da bai riga ya ɗumama ba. A nan ne kuma wata tsohuwar al'adar gareji ke cutar da mu. Da an sayo mota 'yar Kwatano, sai a ce a cire tamostat, 'yar na'urar da ke tsare ruwan inji har ya yi zafi kafin ya zagaya lagireto, wai na ƙasar Turawa ne, wani lokaci har a yanke bututun hita a haɗe. A safiyar Janairu, idan za ka kai yara makaranta daga Bukuru, injin da ba shi da tamostat zai daɗe bai yi zafi ba, hitar sai iska mai sanyi. Ka tambayi bakanikenka kai tsaye ko tamostat da bututun hitar suna nan, in babu a mayar.

Wani lokaci gumin a waje yake, mutum na ta gogar ciki a banza. Yana faruwa idan an ƙure sanyin esi a kan gilashi alhali iskar waje na da ɗumi da danshi, abin da aka fi gani a Abuja bayan an ɗauke ruwa. Gwajin mai sauƙi ne: kaɗa waifa sau ɗaya. In ya share, to a rage sanyin, a kawar da iskar daga gilashi zuwa fuska ko ƙafa.

Idan kuma kullum da safe kana tarar da gilashi jiƙe tun ba wanda ya shiga, akwai ruwan da ya kwana a motar. Ɗaga tabarmar ƙafa ka danna kafet da hannu. Ka duba but, musamman ramin safaya taya, nan ruwa ke taruwa ba a sani ba. Robar ƙofa da ta tsufa, ko gilashin da aka canza ba a liƙe da kyau ba, ko bututun zubar da ruwan esi da ya toshe, duk suna jawo haka. Masu wankin mota ma sukan mayar da tabarma ba ta bushe ba. Ranar da aka samu rana, a fitar da komai a shanya, a bar ƙofofi a buɗe. Amma in gumin yana da maiƙo, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to hitar ce ke yoyo a bayan dashbod. Wannan ba aikin tsumma ba ne, a kai gareji.

Dattin cikin gilashi ma mutane ba sa lissafa shi. Ana wanke waje kullum, ciki kuwa ƙurar hunturu da hayaƙin taba da man ƙyalli da ake fesa wa dashbod sun yi masa fata, kuma gumi ya fi kama mai datti. A wanke da ruwan goge gilashi, a bi da busasshen tsumma. Filtar iskar ciki, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin gaban fasinja, in ta cika da ƙura fanka sai ƙara ba iska. Gilashin baya kuma, layukan nan jajaye wayoyin ɗumama shi ne, suna da nasu maɓallin. Kada a kankare su da reza wajen cire sitika, kuma in za a goge a bi tsawonsu.

Na san motocin haya da yawa da ke lodi a Taminus ko Farin Gada ba su da esi ko hita, kuma ba gobe za a gyara ba. Su ma suna da mafita. A sauke gilasan gefe biyu kamar faɗin yatsa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, don iska ta ratsa. Fasinja zai yi ƙorafin feshi. A ce masa, "Yi haƙuri Baba, in na rufe ba zan ga hanya ba," yawanci kowa na fahimta. Jiƙaƙƙun lemomi da rigunan ruwa su tafi but. A tsaya a tasha gilashi ya washe kafin a ɗaga, kada a ce zai gyaru a hanya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato daƙiƙa ukun da ka yi kana goge-goge ka shafe mita 50 ba ka ga komai ba. In ya rufe maka gaba ɗaya a tsakiyar tafiya, rage gudu a hankali, ba da sigina, ka sauka daga kwalta sosai a wurin da ba kwana ba gangara, sannan ka kunna fitilun gargaɗi ka jira ya washe.