Yadda na sauya modul ɗin ƙarfin watsawa a rediyon oba-oba na VHF

Rediyon na karɓar magana ras, amma in an danna PTT, wato maɓallin yin magana, wat 25 da ya kamata ya fitar ko wat 1 bai kai ba. Na haɗa shi da lodin gwaji mai ohm 50, wanda ke tsayawa a madadin eriya, na ba shi volt 13.8. Wutar da yake ja ba ta ƙaru sosai ba, alhali sigina na isa ƙafar shiga ta modul, RA30H1317M ƙirar Mitsubishi, wato sashen da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya tafi eriya. Ke nan modul ɗin ne ya ƙone.

Na cire wuta, na ɗaura abin sauke cajin jiki a hannu, na tsotse darmar ƙafafu huɗun, na kwance sukurori biyu. Tsohon man sanyaya, wanda ake shafawa tsakanin modul da ƙarfen da ke ɗauke masa zafi, na goge shi tas, sabon kuma shafa ɗaya siririya; in ya yi kauri, tare zafi yake yi.

Wajen ɗora sabon modul ake yawan yin ɓarna. Daidai shi ne a ɗaure sukurori tukuna, kaɗan-kaɗan bi da bi, sannan a liƙa ƙafafu. In an juya tsarin, farantin tangaran na ciki kan tsage.

Daga nan na daidaita ƙarfi zuwa wat 25, na auna SWR na eriya, wato ma'aunin yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo daga eriya. Ya haura 3, wato ya yi yawa, saboda ruwa ya shiga kan kebul, wato mahaɗinsa. Shi ya kashe tsohon modul, don haka na sauya kan.