Yadda za ki haɗa wa yara wasan 'yar tsana irin na Sooty a gida

Sooty wani ɗan tedi ne ruwan ɗorawa wanda ake zura hannu a cikinsa. Wani injiniya mai suna Harry Corbett ne ya saye shi a garin Blackpool na Ingila a 1948 dan ya ɗebe wa yaransa kewa lokacin hutu, a 1952 suka fito a talabijin ɗin BBC, a 1955 kuma aka ba su shirin kansu. Abin da ya sa na ce shi za mu kwaikwaya shine Sooty baya magana, raɗa kawai yake wa mai riƙe da shi a kunne shi kuma ya faɗa wa masu kallo. Toh kinga ba sai kin iya sauya murya ba, kuma ko sisi ba lallai ki kashe ba.

Fara da ɗinki. Ki samu ƙyalle mai ɗan kauri ko tsohon tawul, ki ɗora hannunki akai ki zana 'yar riga mai hannu biyu da wuya, ki bar sarari dan kar ta matse ki. Kan kuma ki cusa masa audugar filo, amma ki naɗe ɗan kwali ki sa a tsakiya inda yatsa zai shiga. In ɗinkin hannu na ba ki wahala tela zai haɗa miki da ragowar yadi. Ido ki yi shi da baƙin zare, dan Allah banda maɓalli in akwai mai rarrafe a gidan, cirewa za su yi su kai baki. Kunnuwa su zama baƙaƙe ko dai wata kala da ta bambanta da jiki, shi ma Corbett baƙin hayaƙi ya shafa wa kunnen Sooty dan ya fito sosai a talabijin mara kala, kuma yaron da ke zaune can baya da kunnen yake gane inda tedi ya juya.

Manuniya a cikin kai, babban yatsa a hannu ɗaya, na tsakiya a ɗayan, sauran biyun ki lanƙwashe su. Ki zauna bayan tebur ko babban kwali da aka rufa wa zani yadda gwiwar hannunki ba za ta fito ba.

Raɗar nan itace wasan gaba ɗaya, anan za ki ba da lokaci. Ki kawo bakinsa kusa da kunnenki, ki ɗan girgiza kansa kamar mai magana, ke kuma kiyi shiru ki saurara da gaske, fuskarki ta nuna kin ji abin mamaki tun kafin ki buɗe baki. Sannan ki maimaita da sigar tambaya: "Me? Wai kai ne ka shanye kunun Baba?" shi kuma ya gyaɗa kai ko ya rufe fuska da hannuwa. Kuskuren da aka fi yi shine gaggawa, a kai shi kunne a janye nan take, yaro bai samu damar ƙagara ya ji ba. Ki ƙirga uku a zuci. Wani lokacin ma kar ki faɗa, kice "yara me kuke ganin ya ce?" wallahi za ki ji yaron da ko gaisuwa sai an matsa masa yana ɗaga murya yana ba da amsa, ni wannan ne ya fi min komai daɗi a wasan. Kuma duk sanda tedi ke motsi shi za ki kalla, dan inda idonki yake nan idon yara zai tafi.

Ki bar shi yayi ɓarna, ke ce za ki sha wahala. Sooty na da bindigar ruwa da sandar siddabaru, kuma a wancan lokacin kusan kullum Corbett ne ke ƙarewa a jiƙe ko fulawa a fuska. Yara na son ganin ƙarami ya yi wa babba wayo ba tare da an daki kowa ba, sai dai kar ki taɓa juya tsokanar kan yaro ɗaya a cikinsu, kuka zai biyo baya. Ɓoye cokali, kifar da kofin roba, kuskure wajen ƙirga ɗaya zuwa goma su kuma su gyara masa, sun isa.

In wasan ya zauna sai ki ƙara na biyu. A 1957 aka kawo wa Sooty aboki, wani kare mai suna Sweep da ƙara kawai yake irin ta usur, wannan sai ki ba yayansu ya riƙe daga ƙarƙashin tebur da ɗan usur a baki.

Minti goma ya wadatar, ki tsaya tun suna neman ƙari. Ki sa tedi ya ɗaga musu hannu, ki saukar da shi bayan tebur kafin ki zare hannunki, sannan ki ɓoye shi a akwati ko saman sif, kar ya shiga cikin sauran kayan wasansu.