Ƙishirwar jariri: kurakuran da aka fi yi a makon farko na jego

A Tawa, idan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, da wuya ka shiga ɗakin mai jego ba ka tarar da ɗan kofi da cokali kusa da jariri ba. Mai ba shi ruwan da kyakkyawar niyya take yi: mu manya maƙogwaro na bushewa, ina ga wannan ɗan tahaliki? Amma wannan cokalin ruwa shi ne kuskuren da ya fi yaɗuwa, kuma shi ke jawo sauran. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ya ishi jariri ko a zafin Adar. Cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce mililita 5 zuwa 7, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ƙari. Idan ruwa ya cika wurin, ba zai tsotsa sosai ba, nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa. Bayan kwana biyu sai a ce nonon ba ya isarsa, a ƙara ruwa, a kawo madarar gwangwani a bibiron. Ruwan randa kuma yana zuwa da ƙwayoyin cuta, zawo ya biyo baya, yaron da ake gudar wa ƙishirwa ya bushe da gaske. Gyaran mai sauƙi ne: kofin a miƙa wa uwa, jariri a ƙara sa shi a nono. Bauri da ruwan sukari duk hukuncinsu ɗaya. Idan malam ya yi rubutu, uwar ta sha. Zuma kuwa sai ya shekara.

Sai dakashi, nonon farko mai kauri, rawaya-rawaya, da har yanzu wasu gidaje ke tatsewa su zubar wai ƙazanta ne, a riƙe jariri da madarar akuya har farin nono ya sauko. Dakashi ɗan kaɗan ne, daidai cikinsa, cike da sinadaran kariya daga cututtuka, kuma yana tura baƙin kashin farko ya fita, abin da ke rage shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awar farko bayan haihuwa. Farin nono yakan sauko tsakanin kwana na 2 da na 4. Tsotson dakashin ne ke kiransa.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne yabon jariri mai shiru. "Ai wannan mai haƙuri ne, ba ya damun uwarsa, barci kawai." Inna, ki yi haƙuri, jaririn kwana uku da ya yi awa biyar bai nemi nono ba abin dubawa ne. Wanda ruwan jikinsa ya ragu da farko yana kuka, ya kama nono ya saki, daga baya ƙarfi ya ƙare masa ya koma barci. Gishirin jininsa na hauhawa a hankali, idan ya yi yawa yana kawo jijjiga, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. A makonnin farko ana so ya sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Idan ya wuce awa 3 yana barci a tashe shi: a cire masa kaya, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a shafa tafin ƙafarsa.

To ta yaya za a san ya ƙoshi, tunda ba a ganin abin da ya shiga? A dubi abin da ya fita. Ranar farko fitsari ɗaya, rana ta biyu biyu, haka yake ƙaruwa, daga rana ta 5 tsumma ko kush 6 ko fiye masu jiƙa sosai, fitsarin fari-fari mara ƙarfin wari. Kashi ya fara baƙi mai danƙo, ya koma kore, zuwa rana ta 5 ya zama rawaya. Ɗigon ja-ja kamar garin jan bulo a tsumma ba abin tsoro ba ne a kwana biyun farko, amma idan yana nan a rana ta 4, ko kashin na nan baƙi, nono ba ya shiga yadda ya kamata. Masu sa kush su kula, yana shanye fitsari. A sa ɗan farin ƙyalle a ciki don a gani. Kada a jira hawaye su ƙafe: sabon jariri dama ba ya zubar da hawaye. Awon nauyi ma na faɗin gaskiya. Kowane jariri yana ɗan ramewa da farko, amma ragin da ya kai kashi 10 cikin 100 ya yi yawa, kuma ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa cikin kwana 14.

Idan maɗiga ta loɓa, ruwan jiki ya riga ya yi ƙasa ƙwarai. Shafa mata magani ko manna wani abu a kai ba zai ɗago ta ba, ɓata lokaci ne. Haka ma kiran wanzami ya cire hakin wuya don yaro ya ƙi nono: ciwon yankan zai ƙara hana shi tsotsa, ga zubar jini, ga haɗarin cuta daga ƙarfe.

Yawancin ƙin nono daga kamu yake. Mai haihuwar fari takan miƙa kan nono kaɗai, jariri ya yi ta tsotsar tsinin, ita ta cije leɓe don zafi, a ce mata haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Ƴar'uwa, ki juyo da cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa a miƙe, ki taɓa leɓensa na sama da kan nono, ki jira ya wage baki sosai sannan ki jawo shi. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta sama da bakinsa. Za ki ji yana haɗiya, kumatunsa a cike. Idan da zafi, ki sa ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ki cire, ki sake. Kan nono da ya tsage, a shafa masa ɗigon nonon a bar shi ya sha iska.

Nono ya cika ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa? A ɗan tatsa da hannu ya yi laushi tukuna. Wanda ya kasa tsotsa, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta a ba shi kaɗan-kaɗan. Ko nonon ya yi ja, uwa na zazzaɓi, ba a daina ba shi. Ta je likita ta ci gaba da shayarwa. Gwajin jefa tururuwa cikin nono don a ga ko ya ɓaci ba ya nuna komai. A kuma rage naɗe jariri da bargo da hula cikin ɗaki mai zafi.

Na ƙarshe, jira. "Bari a yi suna tukuna." Maigida, wannan naka ne. Jariri da ya daina shan nono, ko ba ya farkawa sai da ƙyar, ko bakinsa ya bushe, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashi na sauri, ko rawaya ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya yi jijjiga, ba ya kwana a gida. Kada a haɗa masa ruwan gishiri da sukari. A tafi CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku cibiyar kula da uwa da yaro ta Tawa. Tun 2006 doka ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Ku ɗauki karnen haihuwa, wato takardar likita ta jariri, don a gwada nauyinsa na yau da na ranar da aka haife shi, a hanya kuma uwa ta ci gaba da ba shi nono ko tana ɗiga masa a baki.