Darasi na Tara: Rubuta Shekara da Lambobi, Tare da Matan da Suka Riga Mu

Iyayena mata da yayyena, a darasin baya kun rubuta lambobi daga 1 zuwa 100. Yau shekara za mu rubuta. Kowa ta ɗauko fensir, ta ajiye biro, domin za a sha gogewa, kuma babu abin kunya a ciki.

Shekara lamba huɗu gare ta. Huɗu tak. Kafin ki rubuta komai, zana akwati huɗu a jere, kamar ɗakuna huɗu a gida ɗaya. Ɗakin farko yana hannun hagu, shi ne na dubu. Na biyu na ɗari ne, na uku na goma-goma, na ƙarshe na ɗaiɗai. Kowane ɗaki lamba ɗaya yake ɗauka. Daga hagu ake farawa. Wadda ta saba da allo hannunta zai ja ta zuwa dama, to ki dawo da shi, daga hagu ake farawa.

Aiki na farko: Nana Asma'u

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a shekarar 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata ta karantar da su, ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa, su kuma suka riƙa kai karatu ƙauyuka a cikin waƙoƙi, matan aure suna haddacewa a tsakar gidajensu. Ajin nan da kuke zaune, ashe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Yanzu faɗi shekarar da baki: dubu ɗaya da ɗari bakwai da casa'in da uku. A nan ake faɗuwa. Kunne ya ji “dubu ɗaya”, sai hannu ya rubuta 1000, ya ji “ɗari bakwai”, ya ƙara 700, a ƙarshe a samu 100070093. Wannan ba shekara ba ce, ta ma kusa tsawon lambar waya. Idan kin ji “dubu ɗaya”, sa 1 kaɗai a ɗakin farko. Ɗakin da kansa ya riga ya ce dubu, ba sai kin ƙara masa sifili ba. “Ɗari bakwai”, sa 7 kaɗai a ɗaki na biyu. “Casa'in” goma tara ce, sa 9 a na uku. “Uku”, sa 3 a na ƙarshe. Ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. In sun wuce huɗu, goge, ki sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Sake yi: 1, sai 7, sai 9, sai 3. Rufe littafin ki sake yi. Ɗakuna nawa? Huɗu. Daga ina? Daga hagu.

Nana ta rasu a 1864, kabarinta yana Sakkwato. Zana ɗakunanki huɗu. Dubu ɗaya, 1 kaɗai. Ɗari takwas, 8 kaɗai. Sittin, 6. Huɗu, 4. Madalla. Wadda ta samu daidai ta duba na maƙwabciyarta, amma kada ta rubuta mata.

A rediyo za ki ji ana cewa “alif ɗari tara da kaza”. Alif ɗin nan dubu ce, ɗakin farko ke nan, 1 kaɗai.

Aiki na biyu: Gambo Sawaba

Hajiya Gambo Sawaba, mutuniyar Zariya, an haife ta a 1933. Ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tun tana yarinya, tana hawa mumbari tana cewa a bar mata su yi karatu, a bar su su yi zaɓe. An daure ta fiye da sau goma a kan haka. A zaɓen 1959 matan kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Sai a 1979, zaɓen da Alhaji Shehu Shagari ya ci, sannan iyayenmu suka shiga layin babban zaɓen ƙasa. Wasunku a nan an riga an haife su lokacin.

Rubuta 1933, 1959, 1979. Duka da 1 da 9 suke farawa. Ɗakuna biyu na ƙarshe ne kawai suke canzawa.

Hajiya Gambo ta rasu a 2001. Kula da kyau. Dubu biyu da ɗaya: babu ɗari, babu goma. Ɗakin da babu kowa ba a rushe shi, sifili ake zaunarwa a ciki. 2, sai 0, sai 0, sai 1. Mai rubuta 21 ta rushe ɗakuna biyu. Mai rubuta 20001 ta gina na biyar. Ƙirga: huɗu ne?

Bari in faɗa muku gaskiya. Tun ɗazu nake maimaita ɗakuna huɗu, har yanzu ina ganin littattafai da lamba tara a jere. Wasu kuma suna ba yaransu su yi musu aikin gida. Inna, na san rubutun ɗan aji uku in na gan shi. Matar da ta kwana a kurkuku don ki samu ƙuri'a, ai ba ta wahala don ki miƙa wa jikanki fensir ba. Gara ki kawo mini kuskure da hannunki, mu gyara tare.

Aiki na uku: Ladi Kwali

Ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Ta rasu a 1984. Rubuta shi a ɗakuna huɗu.

Aiki na huɗu

A 1929 matan Aba sun tashi a kan maganar haraji. Rubuta shekarar sau biyar.

Aikin gida

Duba katin zaɓenki, ki nemo shekarar haihuwarki, ki kwafe ta. A zo da fensir.